Sakatariya Kim da 'Yan Matan Ofis na Maiduguri: Wa Zai Biya Shekara Tara?

Ranar 6 ga Yunin 2018 tashar tvN ta Koriya ta Kudu ta fara nuna wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da aka fi sani da What's Wrong with Secretary Kim, wato Me Ke Damun Sakatariya Kim. Kashi 16 ne, ana sa shi duk Laraba da Alhamis, aka kammala ranar 26 ga Yuli. A can ƙasarsu ya zama tsohon yayi. A nan Maiduguri kuwa bai daina yawo ba, daga wannan waya zuwa waccan, daga memorin ƙawa zuwa na maƙwabciya.

Duk wanda ya san Bulabulin da layukan da ke gangarawa Kasuwar Monday ya san rumfunan masu tura fim. Benci ɗaya ne da teburi, kwamfutar cinya da ta sha ƙura, igiyoyin caji sun harɗe da juna, ga ƙaramin faifan sola a kan kwano. Yarinya za ta zo cikin laffaya, ta miƙa waya ta ce, "A sa min na Koriya, na soyayya, ban son mai yaƙi." Mai rumfa ya tambaye ta ko ta ga na sakatariyar nan. Ba da tikitin silima ko rajistar Netflix yawancin mutanen unguwa suka san jaruman wasan, Park Seo-joon da Park Min-young, ba. Ta wannan hanya suka san su, da rubutun Turanci yana gudu a ƙasan allo, wadda ta fi jin Turancin tana yi wa sauran bayani.

Garin ya ga abubuwan da suka isa su hana kallo. An ɗauke layukan waya a 2013 lokacin dokar ta-ɓaci. A Janairun 2021 aka fasa turakun lantarki na hanyar Damaturu, Maiduguri ta shafe watanni cikin duhu. Kasuwar Monday ta ƙone a Fabrairun 2023. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Bulabulin, har fadar Shehu. Duk da haka, da zarar waya ta samu caji, ana kallo. Ban ga laifin mai neman abin da zai sa shi dariya bayan irin wannan wahala ba. Abin da ya dame ni da wannan wasa daban ne: ya yi tambayar da ta shafi dubban mata masu aikin ofis a garinmu, sannan ya rufe ta da shagalin biki.

Labarin a taƙaice

Lee Young-joon, wanda Park Seo-joon ya fito a matsayinsa, mataimakin shugaban rukunin kamfanonin Yumyung ne, dukiyar gidansu. Yana da ilimi, yana da kyau, ya kuma san yana da su, har yakan tsaya gaban madubi yana yaba kansa. Kim Mi-so, wato Park Min-young, sakatariyarsa ce shekara tara. Ita ke tsara masa rana tun daga fitowar alfijir, ita ke ɗaura masa nakatayal, ita ke raka shi liyafa ta raɗa masa sunan baƙi da tarihinsu kafin ya miƙa hannu. Ko tsakar dare ya kira, za ta taso. Furanni na sa ta atishawa da hawaye, amma ita ake aika ta sayo furannin da zai bai wa wata budurwa. A kashi na farko, cikin murmushin da ta saba, ta gaya masa ya nemi wata, ita za ta ajiye aiki.

Asalin labarin littafi ne da Jung Kyung-yoon ta wallafa a 2013, daga baya aka mai da shi labarin zane na intanet, sannan darakta Park Joon-hwa ya ɗora shi a talabijin. Ya karɓu har aka sake shirya shi a Filifin a 2024, da Kim Chiu da Paulo Avelino.

Dalilin Mi-so shi ne zuciyar wasan. Ba ta yi jami'a ba. Tana gama sakandare ta kama aiki saboda bashi ya yi wa mahaifinta katutu, yayyenta mata biyu kuma suna karatun likita. Ta biya bashin, yayyen suka zama likitoci, ita kuma ta waiga tana da shekara 29 ta ga ba ta da komai nata: ba ƙawayen da take da lokacinsu, ba saurayi, ba ko yammaci guda da za ta ce nata ne. Kowa Sakatariya Kim yake ce mata, har sunanta na yanka ya kusa ɓacewa. Akwai wani wuri da ya tsaya mini a rai. An haɗa ta da wani saurayi, suna tsaye suna hira, sai ta ga nakatayal ɗinsa ya karkace, hannunta ya kai ya gyara kafin ta ankara. An shirya wurin don a yi dariya, kuma ana yi. Amma abin da aka nuna shi ne mace da aiki ya shiga jikinta har hannunta ya daina jiran umarninta.

Wace 'yar Borno ce ba ta san wannan labari ba? Tun da rikici ya cinye maza da yawa, ya raba wasu da gonakinsu da shagunansu, gidaje nawa ne 'ya mace ke riƙe da su? Ita ce mai taifin a shagon buga takardu na wajen Post Office, ita ce mai karɓar kuɗin makaranta a ofishin makarantar kuɗi, ita ce mai rubuta kati a asibitin kuɗi, ita ce a ƙofar ofishin ɗan kwangila tana cewa, "Oga yana mitin, a ɗan jira." Albashinta ne kuɗin jarrabawar ƙaninta, shi ne maganin hawan jinin mahaifiyarta. Idan ta ga Mi-so, ba sai an yi mata fassara ba.

Abin da ke faruwa a Koriya lokacin da ake nuna shi

Masu kallo a nan ba su cika sanin cewa wasan ya fito ne a daidai lokacin da Koriya ta Kudu ke cacar baki kan wannan matsala ba. Ranar 1 ga Yulin 2018, ana tsakiyar nuna shi, sabuwar doka ta fara aiki a ƙarƙashin gwamnatin Moon Jae-in, ta rage iyakar aikin mako daga sa'a 68 zuwa 52: arba'in na ƙa'ida, sha biyu na ƙarin lokaci. An fara da ma'aikatun gwamnati da kamfanoni masu ma'aikata 300 zuwa sama, ƙanana suka biyo baya. A wancan lokaci ma'aikacin Koriya yakan yi kusan sa'a 2,000 a shekara, alhali na Jamus bai kai 1,400 ba. Abin ya kai hukumar birnin Seoul ta fara kashe kwamfutocin ma'aikatanta da yammacin Juma'a a wannan shekara, don dole su tafi gida.

Ba tsawon lokaci kaɗai ba ne. Akwai wulaƙancin 'ya'yan masu kamfani. A Disamban 2014, Cho Hyun-ah, 'yar shugaban kamfanin jiragen Korean Air kuma mataimakiyar shugaba, ta sa jirgi ya koma bakin ƙofa a filin jirgin New York, ta sauke babban ma'aikacin cikin jirgin, saboda an kawo mata 'ya'yan macadamia a leda ba a faranti ba. Kotu ta ɗaure ta. A Afrilun 2018, wata biyu kafin fara wasan, aka zargi ƙanwarta da watsa wa wani ruwa a wajen taro, ma'aikatan kamfanin suka fito zanga-zanga da fuskoki a rufe don tsoron kora. A Yulin 2019 ƙasar ta sa dokar hana cin zarafi a wurin aiki. Da gwamnatin Yoon Suk Yeol ta kawo shawarar a bari a yi har sa'a 69 a wasu makonni a 2023, matasa suka yi caa, ta ja da baya.

Wannan gwagwarmaya tana da tushe. Ranar 13 ga Nuwamban 1970, wani matashin tela mai shekara 22, Chun Tae-il, ya cinna wa kansa wuta a Kasuwar Pyeonghwa ta Seoul. Ya gaji da kai kuka kan ƙananan 'yan mata masu ɗinki da ke kwana suna aiki a ɗakunan da ba a iya miƙewa tsaye, ga dokar ƙwadago a rubuce amma ba mai bin ta. Mutuwarsa ta tayar da ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasar. Ba wanda zai yaba wa mutum ya halaka kansa, amma ya kamata mai kallon ofisoshin gilashi na Yumyung ya san cewa daga irin waɗannan ɗakunan ɗinki arzikin Koriya ya taso, kuma 'yancin da Mi-so ke da shi na miƙa takardar ajiye aiki ba kyauta aka ba ta ba.

Saboda haka ɗan Koriya da ya kalli kashi na farko ya gane zancen nan take. Ya ga ɗan masu kamfani, ya ga ma'aikaciyar da ba ta da dare ba ta da rana.

Inda wasan ya kauce

Da Young-joon ya ji za ta tafi, sai ya shiga lallashi da abin da ya sani: ƙarin girma, mota, biyan bashi. Da ta ce aure take so ta yi kamar kowa, sai ya ce to ta aure shi, ta ci gaba da aiki. Ta ƙi. Ya sa aka buɗe mata wurin wasanni ita kaɗai da dare, aka harba wutar ado a sama. Har nan wasan yana kan hanya, domin yana nuna mutumin da bai san bambancin buƙatarsa da ƙauna ba, kuma Park Seo-joon ya iya wannan rawa ƙwarai. Abokinsa Park Yoo-sik, wanda Kang Ki-young ya fito a matsayinsa, shi ke ba shi shawara yana shan tsiya, kuma rabin dariyar wasan daga wajensa take.

Sai labari ya juya. Ashe tun suna yara wata mata ta sace su ta kulle a wani kango. Matar ta rataye kanta a gabansu, yaron ya kare yarinyar daga ganin gawar, ya ce mata gizo-gizo ne. Shi ya sa Mi-so ta girma tana tsoron gizo-gizo ba ta san dalili ba, shi kuma yana da tabon ɗauri a idon sawu. Yayansa, wanda ya bar shi a wurin da aka sace shi, laifi ya dame shi har ya yarda cewa shi aka sace, Young-joon kuma ya yi kamar ya manta komai don a zauna lafiya a gida. Ya gane Mi-so tun ranar da ya fara ganin ta a kamfani, shi ya sa ya ɗauke ta duk da ba ta da digiri.

Labari ne mai taɓa zuciya, kuma a Maiduguri ya fi taɓawa. Garin da ya san Chibok ta Afrilun 2014, ya san ɗaruruwan da aka kwashe ba a ko rubuta sunansu ba, ba ya kallon yaro ɗaure a kango a matsayin ƙirƙira. Akwai gidajen da har yau wani ke firgita cikin barci. Wasan ya yi gaskiya da ya nuna cewa ɓoye irin wannan ciwo ba ya kashe shi, kuma iyayen da suka zaɓi yin shiru sun cuci 'ya'yansu biyu duka. Inda ban yarda da shi ba shi ne yadda mafarkin tsoro ke gushewa da zarar masoya sun haɗu. Ma'aikatan Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Titin Baga sun san abin ya fi haka wuya. Wanda ke fama da wannan ya nemi magani, kada ya jira soyayya.

Amma babbar ɓarnar da wannan juyi ya yi ita ce ya wanke maigida. Da aka gaya mana cewa shi ne yaron da ya cece ta, sai kiran tsakar dare ya koma kulawa, tsawa ta koma horo, shekara tara ta koma ƙaddara. Mai kallo ya manta da tambayar farko. A ƙarshe Mi-so ta ce ta gano tana son aikinta, ta janye takardarta, aka yi biki a kashi na 16. Ina murna da ta ce aikin sakatariya sana'a ce mai daraja da ta ƙware a kai, domin haka ne. Amma ba a nuna mana an sa wa ofishin ƙa'idar lokacin tashi ba. An sassauta wa Mi-so ne saboda ta zama abar ƙaunar maigida. Kim Ji-ah, yarinyar da aka ɗauka don ta gaje ta, ba wanda ya cece ta a kango tana ƙarama. Ita wa zai sassauta mata? Haka Go Gwi-nam, ma'aikacin da ke zaune a ɗakin saman rufi, yana maimaita kwat iri ɗaya, yana ƙin cin abinci da abokan aiki don ya tara kuɗi. A ganina waɗannan biyun ne hoton ma'aikaci na gaskiya a wasan, kuma an ajiye su a gefe don ban dariya.

Mun saba da irin wannan warwara. Fina-finan Indiya da aka shekara da shekaru ana kallo a Arewa, da littattafan soyayya na Kano, da Kannywood, duk sun sha ba mu 'yar talaka da ɗan mai kuɗi ya share wa hawaye. Shi ya sa wasannin Koriya suka shiga gidajenmu ba tare da sallama mai tsawo ba, tun zamanin faifan Jumong. Akwai girmama iyaye, akwai kunya, akwai neman yardar dangi kafin aure. Sai dai iyaye su sani cewa wannan wasa ba na yara ba ne: akwai shan giya bayan tashi daga aiki, akwai sumbata, akwai wurin da ya wuce haka a kashin baya-baya.

A nan gida, me doka ta ce?

Ga abin da mafi yawan 'yan matan ofis ba a taɓa gaya musu ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun shekarun 1970, ta shafi masu aikin hannu da masu aikin akawu. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya bai wa ma'aikaci takarda a rubuce cikin wata uku, mai bayyana irin aikin da albashi da lokutan aiki da hutu. Sashe na 13 ya ce duk abin da ya haura lokacin da aka yi yarjejeniya a kai ƙarin lokaci ne, kuma a kowane kwana bakwai akwai ranar hutu guda. Sashe na 18 ya ba da hutun aƙalla kwana shida na aiki, da albashi, bayan cika wata 12. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sanarwa kafin rabuwa: mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Sashe na 54 ya tanadi hutun haihuwa, mako shida kafin da mako shida bayan, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a aiki. A Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a nan ne yawancin waɗannan mata suke.

Dokar tana da rauni. Ba ta yanke adadin sa'o'in mako kamar yadda Koriya ta yi ba, ta bar shi ga yarjejeniya. Wace yarjejeniya ce tsakanin mai ofis da yarinyar da ta san akwai goma a bakin ƙofa da takardun difloma daga Ramat Polytechnic, ko digiri daga Jami'ar Maiduguri, suna jiran kujerarta? Ƙungiyoyin agaji da suka cika garin daga wajen 2016 sun ɗan sauya lissafi, domin sun zo da takardar kwantiragi da lokacin tashi da albashi mai kauri. Da Amurka ta datse tallafin USAID a farkon 2025, aka sallami ma'aikata da yawa, layin masu neman aiki ya ƙara tsawo. Mi-so ta iya cewa za ta tafi saboda ta gama biyan bashi kuma ta san ƙwarewarta za ta samar mata wani wuri. Tamu ba ta da wannan gata.

Ku dubi yammacinta. Ƙarfe huɗu ta wuce, biyar ta wuce, oga bai fito ba, ita kuma ba ta isa ta tashi kafin shi ba ko da ta gama komai. An kira magariba tana gaban firinta saboda takardar da aka kawo a makare ana so gobe da safe. Tun 2011 aka hana babur a Maiduguri, sai ta tsaya bakin titi neman Keke Napep, kuɗin ya ƙaru saboda dare, daga aljihunta. Ta iso gida, wani a bakin layi ya bi ta da kallo. Gobe a ce, "Ai 'yar gidan wane sai dare take dawowa, wai sakatariyar Alhaji ce." Wannan "wai" ɗin ta hana mata da yawa aure, ta sa iyaye da yawa sun cire 'ya'yansu daga aikin halal. Ko a cikin wasan, da labarin soyayyarsu ya fasu a kamfani, Mi-so aka yi wa tsegumi a banɗakin mata, ba maigidan ba.

A nan ne nake jin tsoron darasin da ƙaramar yarinya za ta ɗauka. Idan oga ya fara kiran ta da dare, ya fara sayo mata kaya, ya ce ta raka shi tafiya, wasan ya koya mata cewa mafarin alheri ke nan. Sau da yawa mafarin tarko ne, domin wanda ke riƙe da albashinki ba ya neman yardarki a matsayin daidai da ke. Mai nufin aure ya san ƙofar gidanku, ya san waliyyinki. Kuma akwai hukunci: a Disamban 2013 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta ba wata ma'aikaciyar Microsoft Nigeria gaskiya a ƙarar da ta shigar kan shugabanta da ya matsa mata, aka kore ta da ta ƙi, kotu ta sa a biya ta diyya. Addininmu ma ya riga doka, tunda ya yi umarni a biya ma'aikaci haƙƙinsa ba tare da jinkiri ba, kuma kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Ba ina cewa a daina kallo ba. Wasa ne mai daɗi, 'yan wasan sun iya, kuma kashi huɗun farko sun fi huɗubobi da yawa bayyana yadda aiki ke cinye mutum. A kalla, a yi dariya, amma a riƙe tambayar Mi-so ta kashi na farko ko bayan an watse daga bikin.

Kirana ga masu ofis da makarantu da asibitoci da shaguna ne, daga Bulabulin har GRA. Wadda ke buɗe maka ofis kafin ka iso, ka ba ta takardar ɗaukar aiki, ka rubuta lokacin tashi a ciki, ka bar ta ta tafi idan ya yi. Idan ka tsare ta bayan lokaci, ka biya ta, ka ba ta kuɗin Keke. Ƙungiyar ƙwadago reshen Borno da ofishin ƙwadago na tarayya su leƙa ƙananan wuraren nan, kada su tsaya kan ma'aikatan gwamnati kaɗai. Ke kuma 'yar'uwa, idan kin haura wata uku a wurin aiki ba ki da takarda a hannu, ki tambaya, domin doka ce ta ba ki.